Gari Ma Makaranta Ne: Shawara Ga Masu Zuwa Kos Ƙasar Holan

A cikin aikinmu na duba makarantu da horon malamai, da wuya shekara ta wuce ba mu karanta rahoton wani ma'aikaci da aka aika kos ƙasashen Turai ya komo ba. Kwanan baya ɗaya daga cikin irin waɗannan ya zo hannunmu, na wani malami mai ƙwazo wanda ya yi wata uku a ƙasar Holan. Shafi huɗu ne. Uku bayanin laccocin da aka yi masa, waɗanda da ma suna cikin littafi. A na huɗun kuwa ya ce ƙasar akwai sanyi, akwai kekuna, akwai tsabta, kuma ya je Amstadam ya ga kantuna. Muka kira shi muka tambaye shi sunan unguwar da ya zauna, ya faɗa. Muka ce me ya sa a ke kiranta haka, ya yi shiru. Muka ce ruwan nan da ke gudana a ƙofar masaukinsa, daga ina ya ke fitowa, ina ya ke zuwa, wa ke biyan kuɗin yashe shi? Sai ya ce bai tambaya ba.

Ba mu kawo wannan don cin fuskarsa ba, gama laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, mu da muka aike shi ba mu gaya masa abin da zai duba ba. Amma kuɗin jirgi da na masauki daga baitulmali suka fito, watau gumin talakawa ne, ya kuwa kamata a san abin da suka sayo. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk wanda aka aika karatu wata ƙasa, makarantu biyu aka aika shi. Ta ɗaya mai bango da allo, ta biyu kuwa garin da ya sauka, da unguwanninsa, da garuruwan da mutum zai iya zuwa da safe ya komo da maraice. Wanda ya halarci ta ɗaya ya bar ta biyu, rabin aikin da aka biya ya yi. Za mu buga misali da birnin Leiden, wanda a ke faɗa kamar Laidin, domin mun zauna cikinsa makonni kaɗan, mun kuwa taka shi da ƙafa.

Fara Daga Kan Tudu

Leiden yana yammacin ƙasar, kamar mil 25 daga Amstadam, mil 10 daga birnin Heg, mutanensa sun ɗara 120,000. Tsohon garin ba shi da girma, mai tafiya a hankali zai ratsa shi cikin rabin sa'a. Abin da ya kamata baƙo ya fara yi shi ne ya nemi wani tudu da ke tsakiyar gari, wanda su ke kira Burcht. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, saboda haka tudun nan da hannu aka tara shi, wajen ƙarni na 11, daga baya aka kewaye kansa da ganuwar dutse. Ba a biyan ko kwabo a hau. Daga bisa mutum zai ga dalilin kafa garin: kogin Rayin ya shigo daga gabas reshe biyu, Tsoho da Sabo, suka haɗu daidai gindin tudun. Inda ruwa biyu suka gamu nan jirage ke tsayawa, inda jirage suka tsaya nan kasuwa ke ci, wanda ya riƙe tudun kuwa shi ya riƙe kasuwar. Malamin labarin ƙasa da ya taɓa hawa Dala ya dubi Kano ya san amfanin irin wannan kallo.

In aka sauko sai a bi bakin Sabon Rayin, inda kasuwa ke ci ran Laraba da ran Asabar. Sunayen layukan da kansu darasi ne, domin akwai Kasuwar Kifi, akwai Kasuwar Man Shanu, kamar yadda mu ke da Marina da Maƙera da Majema. Akwai wata gada da aka yi wa rufi, ita ce Gadar Hatsi, an rufe ta ne don kada ruwan sama ya jiƙa wa masu sayar da alkama kaya. Gaba kaɗan ga gidan awo, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 17. Can a ke kai manyan kaya a auna da ma'aunin hukuma, mai saye da mai sayarwa su yarda, gari kuma ya karɓi ɗan abin da ya ke karɓa. Malamin kasuwa da ya sha raba gardamar mudu ya tsaya nan ya yi tunani.

Unguwar Masaƙa

Daga kasuwa sai a nufi arewa zuwa wani babban gida a bakin ruwa, sunansa Lakenhal, watau Zauren Mulufi. An gina shi a 1640, tun 1874 kuma ya zama gidan tarihi. A zamaninsa Leiden ne gari na biyu a ƙasar bayan Amstadam, kuma da saƙar ulu ya kai wannan matsayi. Masaƙa da yawa baƙi ne, 'yan gudun hijira daga ƙasar da a yau a ke kira Beljiyam da arewacin Faransa, waɗanda yaƙi da rikicin addini suka koro, garin ya karɓe su suka zo da sana'arsu.

Abin lura a Zauren Mulufi shi ne dokar da aka kafa. Ba a fitar da turmi daga gari sai an kawo shi gaban masu duba, sun auna tsawo da faɗi, sun gwada rini. In ya yi, sai a maƙala masa hatimin darma mai tambarin gari. In bai yi ba a ci mai shi tara. Ta haka ɗan kasuwa a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa ganin Leiden ba, zai biya kuɗi da ganin hatimin kaɗai. Suna mai kyau dukiya ce ta gari duka, mutum ɗaya kuwa mai ha'inci ya isa ya ɓata shi, shi ya sa ba su bar wa kowa son ransa ba.

Amma kada baƙo ya tsaya a zauren manya. Ya bi lungunan gabashin gari ya ga gidajen masaƙan kansu, ƙanana, ɗaki ɗaya a gaba inda masaƙa ke cin rabin wuri. An bar ɗaya daga cikinsu yadda ya ke don masu kallo. A nan zai ji cewa har da yara marayu a ke sa wa aikin, da tsawon yini da ƙarancin lada. Zai kuma ji yadda abin ya ƙare. A wajen 1670 mutanen garin sun kai kamar 60,000, amma ya zuwa farkon ƙarni na 19 saura wajen rabin haka. Faransa da Ingila sun kafa nasu masaƙu sun ɗora wa mulufin Holan haraji, 'yan kasuwa kuma suka kwashe aiki zuwa inda lada ke da araha. Masaƙu na ƙarshe a shekarun 1970 suka rufe. Garin da ya dogara ga sana'a ɗaya, ran da ta faɗi da shi ta ke faɗuwa, mutanen Kakuri ta Kaduna ba sa bukatar a fassara musu wannan. Mu ƙara da cewa atamfar nan da matanmu ke kira 'yar Holan ba a Leiden a ke buga ta ba, a Helmond ne, can kudu maso gabas, a kamfanin Vlisco wanda ya faro tun 1846.

Gidajen Wakafi

Abin da ya fi kama zukatanmu a garin duka ba ya ganuwa daga titi. Mutum yana tafe sai ya ga wata ƙaramar ƙofa da rubutu a kanta. In ya tura ya shiga, sai ya tarad da tsakar gida mai shuke-shuke da famfon ruwa, ƙananan gidaje goma ko goma sha biyu sun kewaye ta, shiru kamar ba cikin birni ba. Sunan irin wannan wuri hofje, akwai su 35 a cikin tsohon gari. Mafi daɗewa an kafa shi a 1467.

Asalinsu wakafi ne. Attajiri ko matarsa, galibi waɗanda ba su bar 'ya'ya ba, su kan yi wasiyya a gina gidajen da dukiyarsu, a zaunar da tsofaffi matalauta kyauta, a riƙa ba su burodi da makamashi. Ba su tsaya ga gini ba. Su kan bar wata dukiya dabam wadda ribarta za ta riƙa gyara, su naɗa amintattu masu kula, su rubuta ƙa'idodi, har da lokacin rufe ƙofa da dare. In amintacce ya mutu a naɗa wani. Shi ya sa bayan shekara 300, 400, har 500, rufin bai zuba ba, kuma har yau akwai mutane a ciki.

Mu ba baƙin sadaka ba ne, attajiranmu suna ginin masallatai da rijiyoyi da makarantu. Amma sau nawa mu ke ganin rijiya ta rufta shekara biyar bayan rasuwar mai ita, domin ba a bar abin gyara ba, ba a kuwa rubuta wa zai kula ba? Akawun da ya shiga hofje ɗaya ya tambayi yadda a ke riƙe littafin kuɗinsa, ya fi wanda ya ga kantuna ɗari amfani ga jama'arsa. Sai dai a shiga da ladabi, a yi magana ƙasa-ƙasa, gama gidan mutane ne.

Unguwar Malamai

Kudu maso yamma da kasuwa akwai wata hanyar ruwa mai itatuwa gefe da gefe, sunanta Rapenburg, a nan tsohon ginin jami'a ya ke. Ita ce jami'a ta farko a ƙasar, an buɗe ta ran 8 ga Fabrairu 1575, labarinta kuwa da yaƙi ya faro. A 1574 rundunar Sarkin Sifen ta yi wa garin zobe wata da watanni, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, amma suka ƙi buɗe ƙofa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai shugabannin tawaye suka fasa ganuwoyin da ke tare ruwa, ruwa ya malale gonaki, jirage masu faffaɗan gindi suka biyo ta kan gonakin suka iso ran 3 ga Oktoba da farin burodi da kifi mai gishiri. Har yau duk ran 3 ga Oktoba a kan raba burodi da kifi a gidan awo. A kan ba da labari cewa jami'ar tukuici ce da Yarima Wiliyam na Oranje ya ba garin saboda wannan jimiri. Wata huɗu kaɗai ke tsakanin ƙarshen yunwa da buɗe makaranta, wannan ya isa mai mulki ya yi tunani a kai.

Bayan ginin akwai lambun jami'a, wanda aka kafa a 1590 don koyar da ɗaliban likitanci sanin itatuwa. A nan wani masani mai suna Clusius, wanda ya zo a 1593, ya shuka albasar furen tulif, wanda asalinsa ta ƙasar Turkiyya ya shigo Turai. Yau furen nan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ƙasar ke sayarwa duniya. Duk malamin da ke ganin lambun makaranta wahala ce kawai ya tuna da wannan. Haka kuma tun 1613 aka naɗa wani mai suna Erpenius shehun malamin Larabci a jami'ar, ɗakin karatunta kuwa cike ya ke da littattafan Larabci na rubutun hannu, ɗaruruwa daga cikinsu wasiyyar wani jakadan Holan ne, Levinus Warner, wanda ya rasu a Santambul a 1665. Akwai kuma cibiyar nazarin Afirka mai babban ɗakin karatu. Abin kunya ne ɗalibinmu ya yi wata uku a nan bai leƙa ya ga abin da aka rubuta a kan ƙasarsa ba.

In aka bi ruwan gaba kaɗan sai a ga gidaje sun yanke, fili ya buɗe, an yi lambun shan iska. Mai tambaya zai ji cewa ran 12 ga Janairu 1807 wani jirgi maƙare da albarushi ya tsaya a nan tsakiyar gidaje ya fashe, mutum 151 suka hallaka, cikinsu har da yaran makaranta, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Masu ba da izinin kafa gidan mai da ajiye tanka a cikin unguwa su dubi wannan fili.

Bayan Tsohon Gari

Masu yawon buɗe ido a tsohon gari su ke tsayawa. Ma'aikaci kuwa ya kamata ya ƙetare ruwan da ya kewaye shi, ya ga inda yawancin mutane ke kwana. A arewa maso gabas akwai De Kooi, unguwar ma'aikata ta farkon ƙarni na 20, wadda ƙungiyoyin gina gidaje suka gina bayan dokar gidaje ta 1901 ta ba su damar rance daga Gwamnati. Gaba da ita ga Merenwijk, ta shekarun 1970. A irin waɗannan unguwanni ne mutum zai gamu da jikokin Turkawa da mutanen Maroko waɗanda suka zo aikin masana'antu a shekarun 1960 da 1970, zai sami masallaci da mahauci mai yankan halal.

A nan ya tsaya da safe ya ga yara suna tafiya makaranta a kan keke, bisa hanyarsu ta dabam mai jan launi. Ya tambaya, zai ji cewa kafin su gama firamare a kan yi musu jarrabawar sanin dokokin hanya, kuma yawancinsu sun koyi iyo sun karɓi takardar shaida, domin ƙasar ruwa ce. Watau makaranta tana koya wa yaro abin da zai tsare ransa a garinsu. Baƙo kuwa ya kiyayi jar hanyar nan, kada ya tsaya a kanta yana kallo, gama kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, ba su kuwa da ƙara.

Tafiyar Yini Guda

Kafin a fita gari akwai gida ɗaya da ya kamata a gani a babban titin Breestraat, tsohon mazaunin hukumar ruwa ta yankin Rijnland, wadda ke da takardar izini tun 1255. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da tsayin ruwan teku, saboda haka in maƙwabci ya yi sakaci da ganuwarsa kowa zai nutse. Wannan ya tilasta musu haɗa kai tun kafin su sami gwamnati ɗaya. Yau akwai irin waɗannan hukumomi 21, suna karɓar harajinsu dabam, jama'a na zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuɗin ruwa kuwa a kan ruwa ya ke ƙarewa. Wannan ita ce amsar tambayar da malaminmu ya kasa. Wanda ya gane ta, duk inda ya nufa a kewayen Leiden zai ga abu da ma'anarsa.

Tafiya ta farko a yi ta da keke, mil biyar zuwa Katwijk a bakin teku. Bakin kogin Rayin na wajen nan rairayi ya toshe shi tun ƙarni na 12, sai a 1807 aka gama haƙa masa mafita da ƙofofi. Yau manyan injuna ke ɗaga ruwan su zuba cikin teku. Abin da ke tsare ƙasar daga teku tuddan rairayi ne, waɗanda a ke dasa wa wata ciyawa mai dogayen saiwoyi don ta riƙe su, a kewaye da waya, a hana mutane takawa. A 2015 aka gama wata ganuwa da aka binne ƙarƙashin tudun, har da wurin ajiye motoci a bayanta. Mutumin Yusufari ko Gure, wanda rairayi ke ci wa gona, ba zai rasa abin tambaya a nan ba.

Tafiya ta biyu arewa ce. Kamar mil 10 akwai Lisse, inda lambun Keukenhof ya ke. An fara buɗe shi a 1950, a kan shuka masa albasar fure wajen 7,000,000 kowace shekara, kuma mako takwas kaɗai ya ke buɗe, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Kallon yana da daɗi, amma gonakin da ke kewaye sun fi shi darasi, domin ƙasar rairayi ce wadda manomi zai raina, sai da aka gano abin da ta ke so. Gaba da nan akwai abin da ya fi wannan. Tsakanin Leiden da Harlem da Amstadam a da wani babban tabki ne, faɗinsa ya ɗara eka 40,000, yana cin gaɓarsa shekara da shekara. A 1836 guguwa ta kora ruwansa zuwa ƙofar Amstadam a watan Nuwamba, a Disamba kuma ta juyo da shi cikin titunan Leiden. Sai aka yanke shawarar kwashe shi. Aka kewaye shi da ganuwa, aka kafa injunan tururi uku, suka yi ta zuƙa fiye da shekara uku, a 1852 ƙasa ta bayyana. Ɗaya daga cikin injunan, Cruquius, yana nan ya zama gidan tarihi, faɗin tukunyar da ke tura hannuwansa ƙafa 12 ne. Filin jirgin saman Schiphol, inda malaminmu ya sauka, a gindin wannan tabki ya ke, fiye da ƙafa 10 ƙasa da tsayin teku. Ya taka shi sau biyu bai sani ba.

Tafiya ta uku kudu ce, da jirgin ƙasa. Cikin kwata ɗin sa'a an isa Heg, wanda su ke kira Den Haag. Amstadam ne babban birni, amma a nan Gwamnati da Majalisa ke zama. Akwai Fadar Zaman Lafiya, wadda aka buɗe a 1913, mazaunin Kotun Duniya mai alƙalai 15. Ɗan Nijeriya, Taslim Elias, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, kuma a nan aka yanke shari'ar iyakar Nijeriya da Kamaru ran 10 ga Oktoba 2002, tun daga Tabkin Cadi har Bakasi. Daga Heg zuwa Delft tafiya kaɗan ce. Can ne garin Antoni van Leeuwenhoek, wani mai kantin yadi wanda bai yi jami'a ba, wanda a shekarun 1670 ya ƙera madubinsa da hannunsa ya fara ganin ƙananan halittu cikin ɗigon ruwa. Duk darasin tsabta da mu ke koyarwa, na tafasa ruwa da wanke hannu, yana da jijiya a wannan kanti. A Delft ɗin kuma akwai makarantar injiniyoyin ruwa da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen duniya tun 1957, bayan ambaliyar 1953 wadda ta kashe mutum 1,836 a ƙasar.

Abin Da Za A Ce

Mun san wani zai ce, an aiki mutum karatu, kuna sa shi yawo. Amsarmu ita ce, duk abin da muka lissafa Asabar shida sun ishe shi, kuma ran Asabar ɗin da ma barci a ke yi ko zaman hira da 'yan gida. Wani zai ce kuɗi. Gaskiya ne ƙasar akwai tsada, gidajen tarihi ma a kan biya, amma tudu da kasuwa da gidajen wakafi da bakin teku kyauta ne, hayar keke ta yini kuwa ba ta kai kuɗin agogon tsaraba ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa irin wannan kallo ya kan sa yaranmu su raina gida, su komo ba su da zance sai can. Wannan tsoro yana da tushe, mun kuwa ga waɗanda abin ya sama. Amma a iyakar saninmu, mai kallon kanti shi ne ke komowa da wannan cuta, domin ya ga ƙyalli bai ga wahalar da ta haife shi ba. Wanda ya shiga ɗakin masaƙi ya ji labarin marayu ba zai ɗauka aljanna ya je ba. Ya kuma shiga gidan tarihin al'adun duniya da ke kusa da tashar Leiden, inda aka daɗe a na ajiye kayan tagulla na Masarautar Binin, waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897. A 2025 ƙasar Holan ta mayar wa Nijeriya guda 119, mafi yawansu daga wannan gida. Ya tuna kuma Holan ta riƙe gidan yaƙin Elmina a ƙasar Gana daga 1637 zuwa 1872, ta yi fataucin bayi, sai a Disamba 2022 Firayim Ministanta ya nemi gafara, Sarki kuma ya bi baya ran 1 ga Yuli 2023. Mai tambaya ya kan ga alheri ya ga aibi, ya ɗauki abin ɗauka ya bar na bari.

Shawara

Saboda haka muna ba da shawara ga duk ofishin da ke aika ma'aikata kos, a rubuta musu tun kafin su tashi cewa rahotonsu zai ƙunshi bayanin unguwa uku da tafiya biyu, da taswirar da suka zana da hannunsu. A kan kowane abu da suka gani su amsa tambaya uku: me ya sa aka yi shi a nan, wa ke kula da shi, daga ina kuɗin ke fitowa? Su riƙe ɗan littafi a aljihu, su rubuta a ranar, domin abin da aka bari sai an komo gida rabinsa ya ke isowa. Kada su ji nauyin tambaya, yawancin mutanen ƙasar suna jin Turanci, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ga malamanmu da ba su sami zuwa ba, waɗanda su ne mafi yawa, darasin bai wuce su ba. Wanda bai saba tambaya a gida ba, ba a waje zai fara ba, malamin nan da muka ambata mun tabbata bai taɓa tambayar asalin sunan unguwarsu ba. Ku ɗauki 'yan ajinku sau ɗaya a wata ku bi ganuwa, ku je marina, ku zauna gaban sarkin kasuwa da mai unguwa, ku bi magudanar ruwa tun daga inda ta faro har inda ta ƙare, yara su zana su rubuta. Ba sai da mota ba, ba sai da kuɗi ba, izinin babban malami da na iyaye ya isa. Muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin aikin koyon koyarwa tun daga zango mai zuwa, mu kuwa in mun zo duba makaranta za mu nemi ganin taswirar.